Ƙulli Uku a Bakin Zanin Amarya

Shekarun baya, lokacin da garuruwan arewacin jiharmu suka watse, mutane suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa, ina zaune a gidanmu da ke Nassarawo da sabon kwalin digiri a ƙasan akwati, ina jiran a kira ni aikin sanin makama. Harhaɗa magunguna na karanta. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba ganin ina zuba muku bayani kan magani kamar da shi aka haife ni. To yau bari in ba ku labarin ranar da na ga aikin magani ido da ido, na kwasa a guje da takalmi ƙafa ɗaya.

Gidanmu ɗaki huɗu ne, amma a watannin nan har gindin mangwaro akwai masu shimfiɗa. Mahaifiyata, wadda duk muke kira Dada, ba ta iya cewa babu wuri ba. Duk wanda ya yi sallama da ƙulli a ka, sai ta ce a matsa masa. Ni ce dai sarkin ƙunƙuni, don ɗakina ya koma na mata shida, littattafaina kuma suka zama matashin kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya ɗauki karatuna a bakin komai. In kan mutum ya yi ciwo, sai ya tsallake ni ya tafi kemis ɗin bakin layi, a ƙirgo masa ƙwayoyi a ƙaramar leda ba suna ba komai, a ja layi uku da biro: safe, rana, dare. In na yi magana Dada ta ce, "Ke naki na littafi ne, shi kuwa ya daɗe yana yi."

Cikin waɗanda suka sauka akwai Goggo, yayar marigayi mahaifina. Mace ce da ko babanmu, lokacin yana raye, ba ya ɗaga ido ya dube ta. Daga Mubi ta taso da surukarta da jariri ɗan wata huɗu, kwana uku suna ratsa gonaki da duwatsu. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, kuma ranar da aka watse ya ce su yi gaba, zai rufe shago ya biyo su. Bai biyo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Ban taɓa ganin hawayen Goggo a kan wannan ba. Sai dai kullum jaririn yana bayanta ko yana cinyarta, tana shafa kansa tana cewa kunnen ubansa ne sak.

Surukar tata muna kiranta Amarya duk da ta haihu. Shekarunta ba za su wuce ashirin ba, kuma ban taɓa ganin mai kunya irinta ba. Kun san yadda mutanenmu suke da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta ma nuna cewa nata ne. To ita ta kai abin ƙarshe. In yaron ya yi kuka, sai ta jira Goggo ta miƙo shi, ta shige bayan ƙofa ta ba shi nono, ta dawo da shi kanta a ƙasa. In dole ta ambace shi, sai ta ce "yaron Goggo". Nakan tsokane ta in ce, "Amarya, wai a hanya kuka tsince shi ne?" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da yake mun yi yawa, ga ruwa ba ya isa, sai ciwon ciki ya shiga zagaya gidan. Wata safiya Amarya ta tashi da amai, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Allah ya yafe mini, amma har da ɗan daɗi na ji a raina: yau ga mara lafiya ta faɗo hannuna. Na saka hijabi na tafi babban kantin magani da kaina, na sayo wani sanannen maganin amai mai suna metoclopramide, a katinsa, da sunansa a jiki. Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari, na zauna na yi mata lacca. Ƙwaya ɗaya, sau uku a rana, a bar aƙalla awa shida tsakani. Ta ce, "To, Adda," yadda take kirana, wato yaya. Na tashi ina jin kaina a sama. Ban gaya wa kowa a gidan ba, don so nake sai ta warke in ce aikina ne. Kuma ban ce mata kada ta haɗa da wani maganin ba.

Aman ya tsaya kuwa. Washegari da hantsi ina wanki a bayan gida, har na fara shirya yadda zan yi wa Dada gori, sai na ji salati ya tashi daga ɗakinmu. Na shigo da kumfa a hannu. Amarya tana zaune a kan tabarma, wuyanta ya murɗe ya koma gefe guda har haɓarta tana neman kafaɗa. Idanunta sun juye sama, fari kawai ake gani. Harshenta ya fito waje ya ƙi komawa, yawu yana zuba, bayanta ya sandare. Wani irin gurnani take yi, ba magana ba.

Ni da na yi shekara biyar a jami'a, me kuke tsammani na yi? Na ja da baya, na juya, na zura a guje. Sai a zaure na tsinci kaina ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ban san inda na yar ba.

Kafin in lallaɓo in dawo, tsakar gida ta cika. Goggo ta riga ta yanke hukunci. "Farfaɗiya ce," in ji ta. "Kada wanda ya taɓa yawun nan, ɗauka ake yi." Maƙwabciyarmu ma ta shigo, wata malamar firamare, Kirista, mutuniyar wajen Ganye, ƙawar Dada tun kafin a haife ni. Ita ma gidanta cike yake da 'yan cocinsu da suka gudo. Ta leƙa ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, Dada, wannan iska ne. Ya bi yarinyan nan daga daji. Ku kira malam naku, ni ma zan kira fasto namu, kowa ya yi nasa." Dada dai tana tsaye tana murza hannu.

Sai Goggo ta sunkuya ta ɗauki jaririn daga gefen tabarma, ta goya shi, ta ɗaure zani tamau. Ta ce, "Yaron nan ba zai ƙara shan nonon nan ba. Uban na rasa, ba zan rasa shi ba. Da la'asar zan tafi da shi unguwar Yolde Pate wurin ƙanwata, a ba shi kunu da madarar shanu. Ita kuma a ware mata kwano da kofi, a sa ta ɗakin kaji har a ga abin da Allah zai yi." Ɗakin kaji wani ɗan ɗaki ne a bayan gida da muka share muka zuba tarkace.

Ko ban san komai ba, na san abin da ke faruwa da jariri ɗan wata huɗu in aka cire shi daga nono aka ɗora shi a kan kunu, a lokacin da gudawa take bin gida gida. Kuma na san in Goggo ta fita da shi, an gama. Uwar ba za ta iya buɗe baki ta nema ba ko da ta warke, kuma sunan mai farfaɗiya ba ya goguwa. Na san duk wannan, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Tsoron Goggo nake ji, kuma gaskiya ni ma a lokacin ban san me ya sami Amarya ba.

Dada ce ta ce in je in tattaro kayanta a kai ɗakin. Na shiga ina rakuɓewa jikin bango, na naɗe shimfiɗarta, na ɗaga zanin da take matashi da shi. Sai na ji abu a bakin zanin, ƙulli har uku. Na kwance na farko, katin maganina ne, an ɓalle huɗu, daidai yadda na ce. Na kwance na biyu, ƙaramar leda ce ta kemis, da layi uku na biro, da 'yan ƙwayoyi farare a ciki. Na uku wani kati ne mai kalar ruwan ɗorawa, da wani suna ɓaro-ɓaro da ban sani ba. Na kai shi bakin taga na karanta ƙananan haruffan da ke ƙasan sunan. Metoclopramide.

Na fito na ɗaga katin na ce, "Wa ya kawo wannan?" Maƙwabciyarmu ta ce, "Ni ne. Saura na ne, lokacin da na yi amai ya taimake ni sosai. Na ce ya sha sau uku." Na ɗaga ledar. Goggo ta ce, "Ni na sayo mata jiya, da na ga ba wanda ya kula da ita." Wannan maganar ta shige ni, amma ban tsaya ba. Na zari takalmin wani na ruga bakin layi. Mai kemis yana ganin ledar ya ce, "Maganin amai ne mana, Hajiya," ya jawo wata gwangwani daga kan kanta ya nuna mini. Na karanta jikinta. Sunan nan dai, karo na uku.

A nan tsaye, gaban kantar, karatun aji huɗu na jami'a ya dawo mini tas kamar an kunna fitila. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, ɗan aike ne. Ɗaya daga cikin aikensa shi ne ya taɓa wurin da ke ba da umarnin amai. Wannan magani yana tare masa hanya, saƙon ba ya isa, kuma yana sa ciki ya tura abinci ƙasa da wuri, shi ya sa amai yake tsayawa. Matsalar ita ce ɗan aiken nan ba aike ɗaya gare shi ba. Shi ne kuma yake daidaita motsin tsokar jiki, ya hana wannan ta ja fiye da waccan. In maganin ya yi yawa ya tare shi a can ma, sai tsokoki su ɗaure da kansu: wuya ya murɗe, ido ya juye, harshe ya fito, muƙamuƙi ya kafe. An koya mana cewa yara da matasa, musamman mata, sun fi saurin gamuwa da haka, kuma yakan zo ne a kwana ɗaya ko biyun farko. Na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa na ci. A takarda layi biyu ne. Ba wanda ya gaya mini cewa a zahiri zai sa in yar da takalmi.

Abu ɗaya kuma na tuna, wanda shi ne ya ba ni ƙarfin gwiwa. Mai irin wannan farfaɗiyar da Goggo take nufi hankalinsa gushewa yake yi, kuma takan sake shi bayan 'yan mintoci. Wanda magani ya ɗaure kuwa yana ji, yana gane komai, jikin ne kawai ya ƙi bin umarninsa.

Na dawo na kutsa cikin mutane na durƙusa gabanta. Goggo ta daka mini tsawa, "Ke! Yawun!" Na sa gefen hijabina na goge mata baki a gaban kowa, na kama hannunta. Na ce, "Amarya, Adda ce. In kina jina, matse hannuna." Ta matse, har sai da na ji zafi. Na ce, "Duka ukun kike sha? Nawa da na Goggo da na Malama, kowanne sau uku?" Ta sake matsewa. Sai hawaye suka gangaro daga idanun nan da suka juye. A lokacin na gane cewa duk abin da aka faɗa a kanta ta ji. Ta ji an ce ɗakin kaji, ta ji an ce Yolde Pate, ta ji kukan yaron a bayan Goggo, kuma ba ta da harshen da za ta ce komai.

Na miƙe, na shimfiɗa ƙullin ukun a kan tabarma. Na ce, "Goggo, ba farfaɗiya ba ce, ba iska ba ce. Magani ne ya yi mata yawa. Ukun nan duk abu ɗaya ne, riga kawai suka canza."

Goggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wato ni na sa mata ciwo."

Na ce, "Mu uku ne, Goggo. Kuma nawa laifin ya fi, don ku ba ku sani ba, ni na sani. Ni na fara ba ta, na ɓoye, don ina so a yaba mini." Wallahi faɗin wannan a gaban Dada ya fi mini jarrabawar ƙarshe wuya. Na ce akwai allurar da ke kwance shi, kuma bai kamata mu ɓata lokaci ba, don in ɗaurin ya sauka maƙogwaro numfashi zai iya yi mata wuya.

Goggo ta ce, "In aka yi allurar bai kwance ba fa?"

Na ce, "Ki zo da yaron mu tafi tare. In aka kira la'asar tana nan yadda take, ni da kaina zan tare miki keke Napep zuwa Yolde Pate." Har yau ban san daga ina wannan maganar ta fito ba. Ina rufe baki na fara addu'ar kada littafi ya ba ni kunya.

Maƙwabciyarmu ce ta fara motsi. Ta ce, "Dada, yarinyan nan ya yi karatu, mu ji nasa," ta fita ta tsayar da keke. Muka ɗora Amarya a tsakiya, ni ina riƙe da kanta, Goggo a ɗaya gefen da goyo, ta kawar da fuska waje. Lokacin shingayen bincike ne ko'ina, a wasu ma sai kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Da muka iso na hanyar Karewa, layi ya yi tsawo, rana ta take. Na sauka na nufi jami'in da ke wurin, hannuwana a sama, ina cewa mara lafiya ce. Ya zo ya leƙa cikin keken, ya ga fuskar Amarya, ya ja da baya da sauri ya ce da Turancin buroka, "Wetin do am? Me ya same ta? Oya, ku wuce, ku wuce!" Na ji ɗan sanyi a raina, ashe har mai bindiga ma ja da baya yake yi.

Wani ƙaramin asibiti muka je, ya cika maƙil da mutanen da suka gudo. Likitan da ke aiki, da ganin idonsa ya kwana biyu bai huta ba. Yana ganinta ya fara tambayar zazzaɓi da ciwon kai, ko ta taka ƙusa a hanya, don sanƙarau da ciwon sandarewa yake tunani, kuma yana da gaskiya ya yi tunaninsu. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa ƙullin ukun, na zayyana masa abin da ta sha tun jiya da safe. Ya dubi magungunan, ya dube ni. Ya taɓa goshinta, ya duba jikinta, ya ce ta matse yatsansa, ta matse. Ya ce, "Ke ma'aikaciyar lafiya ce?" Na ce harhaɗa magunguna na karanta, ban ma fara aiki ba. Ya ce, "To kin fara yau." Ya juya ya gaya wa nas allurar da za ta ɗauko.

Maganin da ke kwance wannan ɗauri ba wani abin mamaki ba ne. A ƙwaƙwalwa dofamin yana da abokin ja, in an danne ɗaya sai ɗayan ya yi rinjaye, shi ne tsoka take ɗaurewa. Allurar tana sassauta abokin jan ne, sai ma'auni ya dawo daidai. Nas ta sami jijiya ta tura a hankali. Muka tsaya muna kallo. Goggo tana bakin ƙofa a tsaye, ta ƙi zama, yaron yana ta tsala kuka a bayanta don tun hantsi bai sha komai ba.

Minti ɗaya, biyu, ba abin da ya canza. Na kafa wa agogon bango ido. Na fara lissafin yadda zan tare keken nan da bakina ya yi alkawari. Sai na ga yatsun ƙafarta sun saki. Kafaɗarta ta sauko. Baƙin idonta ya gangaro ya dawo mazauninsa, ya tsaya a kaina. Wuyan ya juyo a hankali a hankali, harshen ya koma, ta rufe baki ta haɗiye yawu. Duka abin bai kai kwata na awa ba. Nas ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Yaya jikin?"

Amarya ta yunƙura. Ta dafa gado ta tashi zaune, ba mayafi, ba sunkuyar da kai. Ta dubi Goggo ido cikin ido, ta miƙa hannu biyu, da wata murya a shaƙe ta ce, "A ba ni ɗana."

Yarinyar da ko sunansa ba ta faɗa, yau ga ta gaban uwar mijinta tana cewa ɗana. Goggo ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta dubi likita. Ya ce, "Mama, ba ta da farfaɗiya, ba ta da komai. Ko mai farfaɗiyar ma ba a ɗauka a yawu, kuma tana shayar da ɗanta. Ki ba ta shi, nonon nan ne lafiyarsa." Goggo ta sa hannu ta kwance goyon. Ta tako har bakin gadon ta ɗora mata shi a cinya. Amarya ba ta nemi bayan ƙofa ba, a nan gaban kowa ta ba shi, kukan ya ɗauke ɗif. Muna cikin haka aka kira la'asar a masallacin da ke bayan asibitin.

Sai Goggo ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fashe da kukan da ta riƙe tun daga Mubi. Ni ma na taya ta. Ina kuka ina dariya, ga takalmin wani ƙato a ƙafata, sai a lokacin na lura na maza ne.

Likita ya ba da ƙwayoyin da za ta sha na kwana biyu, don allurar takan riga maganin aman fita daga jiki, ɗaurin yana iya dawowa. Ya ce kada ta ƙara shan wannan maganin aman, kuma duk asibitin da ta je ta faɗa. Da muka dawo gida kafin magariba, Amarya ta sauko daga keke da ƙafarta, da yaron a kafaɗa. Mata suka ɗauki guɗa. Maƙwabciyarmu ta rungume ni har ta ɗaga ni sama, tana cewa ta fasa kiran fasto, sai dai ya zo godiya. Dada kuwa ta juya. Ta shiga ɗaki ta kwaso duk ledojin magani da ke gidan, na kowa da kowa, ta zube su a gabana ta ce, "Duba mana waɗannan." A wurin Dada, wannan ya fi lambar yabo.

Bayan kwana biyu na sami Amarya ita kaɗai na ce, "Ke kuwa me ya hana ki ce kin riga kin sha magani?" Ta ce, "Adda, a gidanku nake ci nake kwana. Ke kin kawo, Goggo ta kawo, Malama ta tako har ɗaki ta kawo. Wanne zan ce ba na so?" Ta ce ita a ganinta ma tunda kalarsu daban, aikinsu daban. Mu uku muka so ta, kowa a ɓoye, kuma kunyarta ta haɗiye duka.

Mijinta ya bayyana bayan wasu makonni, ta Kamaru ya zagayo, ya rame har Goggo ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Ya tarar da ɗansa ɓul-ɓul a bayan Amarya. Da gari ya lafa suka koma.

Yanzu na daɗe ina aiki, kuma maganin nan har gobe ina ba da shi, don magani ne mai kyau in an sha shi yadda ya kamata, na 'yan kwanaki kaɗan. Amma ba na miƙa shi sai na yi tambayar da ban yi ba a wancan karon: me kika riga kika sha, wa ya ba ki, ina ledar? In mace ta sunkuyar da kai ta ce babu, ba na yarda da wuri. Nakan sallami wanda ya rako ta, in rage murya in sake tambaya, kuma sau da yawa sai ka ga an fara kwance bakin zani. Abokan aikina suna cewa na cika bincike kamar 'yar sanda. Ba na musu.

Goggo ta tsufa sosai yanzu, amma ko maganin ciwon kai aka ba ta sai ta sa an kira ni a waya an karanta mini sunan. Yaron ya girma, ya fi uwarsa tsawo. Ita kuwa Amarya, tun washegarin ranar asibitin nan ta koma gidan jiya. Har yau "yaron Goggo" take ce masa, in na tsokane ta ta ja mayafi ta ce ita ba ta tuna ta taɓa faɗin wani abu ba. Ni kuwa na tuna. Sau ɗaya tak ta faɗa a rayuwarta, kuma ina tsaye a wurin, da takalmin maza a ƙafata.